Tambayoyi da amsoshi kan ajiyar hatsi a sito da sailo, don 'yan kasuwa da leburorin Kaduna

Waɗannan su ne tambayoyin da manoma da 'yan kasuwar hatsi da masu aiki a sito suka fi yi da zarar kaka ta kama, tun daga masu tara masara a Saminaka da Giwa da Makarfi har zuwa yaran da ke aiki a manyan rumbunan ƙarfe na kamfanoni, waɗanda muke ce ma sailo. Zaku ga ina ta komawa kan maganar bushewa, toh ba mantuwa bace, kusan duk wata masifa da ke faruwa a wajen ajiya in ka bi sawunta zaka tarar daga hatsin da aka zuba bai bushe ba ta faro.

Malam, wai bushewa nawa ce ta isa kafin in kai masara sito?

Kashi 13 cikin 100 na danshi, ko ƙasa da haka. In kana so ta kai damina a ajiye to ka nemi 12 zuwa 13. Waken suya ya fi son 11 zuwa 12, shanshera 13 zuwa 14, gyaɗa ɓararriya kuma sai ta sauko wajen 7 ko 8 saboda man da ke jikinta.

Matsalarmu a nan ita ce masarar farko tana nuna ne tun wajen Satumba ruwa bai ɗauke ba, musamman can kudancin jiha inda damina ke jimawa fiye da ɓangaren Zariya, masarar da aka karya a lokacin danshinta kan kai 20 har da ɗoriya, manomi kuma yana da bashin taki a wuya ga kuɗin makarantar yara, sai ya sussuke ya baza kwana biyu ya ɗure a buhu ya nufi kasuwa. Ɗan kasuwa ya ga araha ya kwasa ya jibge a sito. Bayan sati uku ka sa hannu cikin buhu ka ji ɗumi. Wannan ɗumin numfashin hatsin ne da na fumfunar da ta fara cinsa, kuma in ya fara baya tsayawa da kansa.

Shanya kuma a kan tamfol ko daɓen siminti mai tsafta, ba a ƙasa tsurarta ba, ba a bakin kwalta ba inda mota ke watsa mata hayaƙi da baƙin mai awaki na bi ta kai. A baza ta da faɗi a riƙa juyawa, yamma na yi a tattara a rufe saboda raɓa.

Bani da mitar auna danshi, yaya zan gane?

Cizawa da haƙori da dattawa ke yi tana da amfani amma tana yaudara, don masara mai 15 ma zata iya yi maka ƙaras a baki. Gwajin gishiri ya fi. Ka samu kwalba busasshiya mai murfi, ka shanya gishiri ya bushe sosai, ka zuba masara kamar kashi ɗaya cikin uku na kwalbar ka ƙara cokali biyu ko uku na gishirin, ka rufe ka girgiza na minti ɗaya ka ajiye kamar minti 15 ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba masarar bata bushe ba, ta haura wajen 15. In bai manne ba to da sauƙi.

Amma gaskiya Alhaji, wanda ke sayen tirela guda na masara, buhu 300 kenan tan 30, ya ce bashi da kuɗin mita, wannan rowa ce kawai. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba in ka gwada da asarar lodi ɗaya. Kuma in zaka auna kar ka ɗebo daga bakin buhu kaɗai, ka soka tsakiya da ƙasa, ka ɗebo daga buhuna daban daban.

Me ya sa kamfani ke zaftare mana kilo in mun kai kaya? Ba cuta bace?

Wani lokacin akwai cuta, wani lokacin lissafi ne. Buhu mai kilo 100 da danshi 18, in aka busar da shi ya dawo 13 zai koma kilo 94 da 'yan kai. In danshin 20 ne zai koma wajen kilo 92. Wato kilo 6 zuwa 8 ɗin nan ruwa ne ka ɗauko masu a mota. Sannan ga ƙaiƙayi da tsakuwa da totuwa. Haƙƙinka shine a auna a gabanka, ka ga lambar da mita ta nuna da idonka, kuma a rubuta maka a takarda. In suka ƙi nuna maka to nan ne zaka yi magana.

Masarata ta ɗan yi fumfuna kore-kore, in na wanke na sake shanyawa ba shikenan ba? Ko in ba kaji?

A'a Hajiya, ba shikenan ba. Wannan fumfunar mai launin kore da ɗorawa tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin, ita gubar bata da wari bata da ɗanɗano, wanki baya cire ta, tafasa tuwo ko koko ma baya kashe ta. Hanta take ci. In ta yi yawa lokaci guda tana kisa, a Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu daga cin masarar da aka ajiye da danshi. In kuma kaɗan kaɗan ake ci shekara da shekaru tana kawo kansar hanta, kuma abin ya fi muni ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kun san yana da yawa a cikinmu. Ana kuma danganta ta da tsumburewar yara.

Kaji ma tana kassara su, ƙwai ya ragu, girma ya tsaya, su yi ta mutuwa kana zargin allura. Saniya in ta ci tana fitowa ta cikin nono. Shi ya sa manyan masu haɗa abincin kaji, irin wanda Olam ta buɗe a Chikun kan hanyar Abuja a 2017, suke gwada kaya kafin su karɓa, kuma in ya faɗi gwaji sai dai ka juya da motarka. Abin haushin shine kayan da aka mayar ɗin nan baya ɓacewa, kasuwa yake komawa a niƙa a sayar ma mai koko.

Maganinta daga gona ake farawa. Akwai Aflasafe, maganin rage wannan gubar tun a gona, da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa kilo 10 a hekta sati biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure. Sai tsince ruɓaɓɓu da fasassu kafin a ɗura, sai bushewa.

Maganin nan da ake ce ma bom, ƙwaya nawa zan jefa a kowane buhu?

Ko ɗaya. Wannan tambayar ita ta fi tayar min da hankali don yadda ake sayar da shi a kasuwa a tebur ɗaya da maganin sauro. Bom ɗin nan, wato Phostoxin da 'yan'uwansa, ba magani bane da ake barbaɗawa, ƙwayar in ta haɗu da danshin iska tana sakin iskar gas mai suna fosfin, kowace ƙwaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na gas ɗin. Gas ɗin ne ke kashe ƙwaro, kuma shi ke kashe mutum, kuma har yau babu wani maganin karya dafinsa a asibiti, taimakon numfashi da zuciya kawai ake yi ma mutum a jira ikon Allah.

Yana ratsa buhu, yana bin tsagar bango da silin da ƙasan ƙofa ya shiga ɗakin maƙwabci. Wanda ya jefa shi a buhunan da ke ɗakin kwana ko shagon da ke manne da ɗakin yara, wallahi ganganci yake da rai. Yara su ke fara tafiya. Warinsa kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma kar ka dogara da hanci, ana iya shaƙar mai cutarwa ba a ji komai ba.

Kuma ko ta fuskar kashe ƙwaron ma jefawa a buhu aikin banza ne, don gas ɗin zai fice kafin ya kashe ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwayar hatsi, sai manya su mutu ka ga kamar ya yi aiki, bayan wata guda sababbi su fito, kuma a haka ƙwarin ke sabawa da maganin. Yadda ake yi shine a lulluɓe tarin buhunan gaba ɗaya da tamfol na musamman wanda iska bata ratsawa, a danne gefensa da buhunan yashi kewaye, a sa ƙwayoyin a faranti ko kwali a ƙasan tarin yadda ba zasu taɓa hatsi ba, gwargwadon yadda takardar maganin ta faɗa, a kulle sito a manna gargaɗi, a bar shi aƙalla kwana 5 zuwa 7, sannan a buɗe ƙofofi da tagogi ya sha iska kafin kowa ya shiga aiki. Mai gadi ma baya kwana a jikin ginin. Tokar da ta rage a binne ta nesa da rijiya. Kar a tara ƙwayoyin wuri ɗaya, kar ruwa ya taɓa su, suna kamawa da wuta. Wannan aikin masu lasisi ne da suka san shi, ba na yaron shago ba.

In wani ya shiga ya fito da ciwon kai, jiri, amai, ƙirji ya riƙe, a fitar da shi sarari a wuce asibiti kai tsaye da gwangwanin maganin a hannu don likita ya gani. Asibitin Barau Dikko, ko na sojoji na 44, ko na Shika in kuna ɓangaren Zariya, ko wanda ya fi kusa. A bar ɓata lokaci wajen ɗura masa manja da madara. Ko ya ce ya ji sauƙi a kai shi, don yana iya juyowa bayan awanni.

To Sniper fa? Kowa da shi yake ajiye wake.

Kowa na yi bai sa ya halatta ba. Sinadarin da ke ciki sunansa dichlorvos, ba a yi shi don a zuba a abincin mutane ba. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Mai zuba shi a wake yawanci baya cin wannan waken a gidansa, ya ware nasa daban, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka ya san abin da yake yi.

Ko maganin da aka amince da shi ma yana da lokacin jira. Masu tunawa da Oktoban 2020 lokacin da aka fasa rumbunan ajiya, gwamnatin Kaduna sai da ta fito ta yi gargaɗi cewa hatsin da aka kwasa a sitocin wani kamfani a Kakuri an sa masa magani bai kamata a ci ba. In dole sai ka sa hoda to ka nemi irin Actellic mai lambar NAFDAC, ka bi awon da aka rubuta a jiki, ka rubuta ranar da ka sa a jikin tarin.

Buhun PICS da ake talla yana aiki da gaske?

Yana yi, in an ɗaure shi daidai. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, da wake aka fara a 2007, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu ɗaya a waje. Babu magani a ciki ko kaɗan, iska ce ke ƙare ma ƙwarin su mutu. Ka duba ledar bata huje ba kafin ka zuba, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban, ka daina buɗewa kullum kana leƙe. Duro mai murfi ko jarka da aka cika taf aka toshe su ma haka suke aiki. Abu biyu ke kashe shi, ɓera da ɗanyen hatsi. In ka ɗaure masara mai danshi a leda, tsami zata yi maka.

Yaya ake jera buhu a sito yadda ba zai rushe ba?

Kar buhu ya taɓa ƙasa, a ɗora kan katako, don siminti na tsotso danshi daga ƙasa ko da ka ga ya bushe. A bar kamar mita ɗaya tsakanin tari da bango yadda mutum zai zagaya ya duba, a bar sarari mai kyau tsakanin saman tari da kwano. Jeri kuma a sarƙe shi, sahu ɗaya a tsaye na gaba a gicciye, bakin buhu na kallon ciki, kuma tarin ya riƙa ɗan shigewa ciki yana hawa. Buhunan roba da muke amfani da su yanzu suna da santsi ba kamar na algarara ba, don haka ba a kai su tsayin da ake kai wancan.

Wajen saukewa ake samun haɗari. Daga sama ake farawa sahu sahu. Lebura ya gaji ya zaro na tsakiya ko na ƙasa don ya huta hawa, sai bangon buhu ya biyo shi, buhu goma tan ɗaya ne, ka lissafa. Kuma kar a jingina tari da bangon bulo, an sha ganin bango ya buɗe. Sabon kaya baya hawa kan tsoho, wanda ya fara shiga shi ke fara fita, kuma kafin sabuwar kaka a share sito tas har lungu, a ƙone sharar, don ƙwaron bara a nan yake jiran na bana.

Oga, mu 'yan dako fa, buhu mai kilo 100 a ka tun safe har dare?

Ya yi yawa, kowa ya sani. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kar namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. Mai sito ya sayi baro ko kura, katakon da ake takawa a hau tirela ya zama mai faɗi mai ƙwari ba wanda ke lanƙwasa ba, a ajiye ruwan sha musamman a Maris da Afrilu. Yaro ɗan shekara 14 ba wurinsa bane ko da ya nace.

Wai da gaske mutum na nutsewa a cikin masara a sailo? Ai ba ruwa bane.

Da gaske ne ɗan'uwa, kuma ya fi ruwa sharri don a ruwa kana iya iyo. Hanya uku ce.

Ta farko, mutum na tsaye a kan hatsi wani ya kunna injin da ke jan hatsin ta ƙasa. Hatsin na zurarewa ne daga sama ta tsakiya, ya ja duk abin da ke kai. Cikin daƙiƙa 4 ko 5 ka nutse zuwa gwiwa kuma daga nan baka iya zare ƙafarka, kafin minti ɗaya ya cika an rufe ka ruf. Ihunka ma ba mai ji saboda ƙarar inji.

Ta biyu, hatsin da aka zuba da danshi saman sa na daskarewa ya yi ɓawo, a ja na ƙasa ya fita ya bar rami a ɓoye, daga sama ka ga kamar sailo a cike yake, kana takawa ya burma da kai sauran ya rufto. Alamar da ake ganewa ita ce an ɗebi kaya da yawa amma saman bai nuna ramin zurarewa ba, yana nan sumul yadda yake.

Ta uku, hatsin ya manne a jikin bango ya yi tsayi, a tura mutum ya shiga ƙasa yana zungura da sanda, ya zubo masa gaba ɗaya.

Ka lura biyun ƙarshe duk lalataccen hatsi ne ya jawo su. Busasshen hatsi mai tsafta zuba yake da kansa, ba mai buƙatar shiga. A Amurka inda Jami'ar Purdue ke tattara lissafin irin wannan haɗarin duk shekara, abin da suke ta nanatawa kenan. A 2010 a wani gari Mount Carroll na jihar Illinois samari biyu, ɗan 14 da ɗan 19, suka mutu a sailon masara an tura su su taka ta don ta zuba inji na aiki.

To in ya toshe dole sai an shiga, ya za a yi?

A fara gwadawa daga waje da doguwar sanda ta ƙofar sama, mutum na ɗaure, a kula da wayar lantarki. In ya zama dole, a kashe duk injin da ke zuba da mai ja, a sa kwaɗo a makunnin, mabuɗin ya zauna a aljihun wanda zai shiga, ba a hannun manaja ba ba a rataye a ƙusa ba. Cewa "ai an ɗauke wuta" ba kariya bace, ana iya dawo da ita ko wani ya tada janareto. A kunna fanka a auna iskar ciki, iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta wajen kashi 21 ne, in ya gaza 19.5 ba a shiga, kuma hatsin da ke ruɓewa yana cinye shi ya bar iska mai nauyi da ke kwanciya a ƙasa, ga ragowar fosfin in an sa bom. Mai shiga ya sa ɗamarar jiki da igiya a ɗaure sama, igiyar a ɗame yadda ba zai nutse ya wuce ƙugu ba. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsa, ba aikinsa komai sai wannan, ba danna waya ba, ba a aike shi sayo ruwa. Kuma ba a tsayawa ƙarƙashin hatsin da ya fi ka tsayi.

In oga ya ce shiga kawai minti biyu ne, ka ce masa a sa kwaɗo tukuna. Na san aiki na da wuyar samu a garin nan, amma ka faɗa.

In mutum ya riga ya nutse fa?

A kashe injin ja nan take. A kunna fankar iska, tana taimaka masa numfashi ko da an rufe shi. A kira 112 da 'yan kwana-kwana. Kar jama'a su duru ciki, nauyinsu na ƙara danne shi kuma haka ake samun gawa biyu uku maimakon ɗaya. Kar a ɗaura masa igiya a ja da mota ko tarakta, hatsin na riƙe mutum da ƙarfin ɗaruruwan kilo, sai dai a tsinka masa baya. Abin da ake yi shine masu ceto su shimfiɗa katako su taka, a kafa wani abu kewaye da shi, falankai ko duron da aka yanke sama da ƙasa, a riƙa kwashe hatsin da ke ciki da bokiti har ya saku. In ya ɓace gaba ɗaya kar a yanke ƙauna, an sha ciro mutane da rai bayan awanni, masana kan yanka jikin sailon a ɓangarori daidai da juna don hatsin ya zube ko'ina lokaci ɗaya kar ginin ya karkace. Ko ya fito yana tafiya da ƙafarsa a kai shi asibiti.

An ce ƙurar hatsi na fashewa. Ƙura kuma?

Ka taɓa ganin an watsa garin masara a kan wutar murhu ya yi fuu ya tashi? To ka ƙaddara hakan a cikin rufaffen gini mai cike da ƙura. Abu biyar ke haɗuwa: ƙurar, iska, ƙurar ta tashi ta gauraya da iskar, wuri rufaffe, sai tartsatsi. Fashewar farko yawanci ƙarama ce, amma girgizarta na kaɗo duk ƙurar da ta kwanta a kan ƙarafa da bene da saman injina ta tashi sama, wutar ta kama ta, ta biyun ita ke rusa gini.

A Disambar 1977 a Westwego ta jihar Louisiana a Amurka mutum 36 suka mutu a rumbun hatsi na bakin ruwa, kwana biyar bayan nan wani ya fashe a Galveston ya kashe 18. A Blaye ta Faransa a 1997 mutum 11, a Kansas a 1998 mutum 7. Bayan na 1977 ɗin ne Amurka ta yi dokar da ta ce a wuraren da ke kusa da elebeta, injin da ke ɗaga hatsi sama, in ƙura ta kai kaurin wajen milimita 3 dole a share. Milimita 3 fa. Ka shiga wasu injinan niƙa da wuraren haɗa abincin kaji a Kakuri ko Kudenda ka ga yadda ƙafa ke nutsewa a gari, ga waya a tsirara an maƙala ƙwan fitila, ga wani na zuƙar sigari a bakin ƙofa. Da hunturu abin ya fi haɗari don komai ya bushe ƙayau.

Shara da tsintsiya a hankali ko injin zuƙa, ba a hura ƙura da iskar kwamfuresa inji na aiki.

Ina ne ya fi haɗari a jikin injin?

Elebeta, wato dogon bututun nan da bel ke zagayawa a ciki da ƙananan bokitai suna ɗaga hatsi sama. Cikinsa kullum ƙura ce a tashe kuma a rufe yake, tartsatsi kaɗai yake jira. Boris ya bushe ba giris ya yi zafi, ko bel ya saki yana gogar jiki, ko ya cushe moto na juyawa bel na tsaye, ko wani ƙarfe ko ƙusa ya biyo hatsi, shi ya sa ake sa maganaɗisu da raga a ramin juye kaya. In ya cushe kar a yi ta kunnawa ana kashewa wai ya tafi, a kashe a kulle a buɗe ƙasa a kwashe. Walda ko yankan ƙarfe kuma sai an tsayar da komai an share an jiƙa wajen, mutum ya zauna gadi da abin kashe gobara ko bayan an gama, don ƙura na iya cin wuta a ɓoye ta daɗe.

Sukurun da ke tura hatsi shi kuma ƙafa da hannu yake ci. Murfinsa da ragarsa su zauna a kai. Babbar riga da rawani da hannun riga mai lilo ba kayan aikin wajen bane.

Sailonmu na ɗumi ta sama kuma murfin na ɗigar ruwa, ruwan sama bai shiga ba.

Gumi ne. Ƙarfe na gasuwa da rana ya huce da dare, danshin da ke cikin hatsi ya bi iska ya taru a inda ya fi sanyi ya ɗiga. Fanka ake kunnawa lokacin da iskar waje ta bushe kuma da sanyi, daren hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa, ba tsakiyar Agusta ana tsuga ruwa ba, lokacin danshi zaka tura ciki. Bayan an cika a ɗan ja kaɗan ta tsakiya don gari da fasassun da ke taruwa a nan su fita iska ta samu hanya. A riƙa duba zafin duk sati ana rubutawa, in wuri ɗaya na hawa kullum to a juye kayan zuwa wani sailon ko a sayar. In aka bari yana kaiwa ga wuta, rumbunan tashar jirgin ruwan Beirut da suka tsira daga fashewar 2020, hatsin da ya rage a ciki ne ya ruɓe ya kama wuta makonni har wani ɓangare ya rushe a 2022. In kun ji ƙauri ko kun ga hayaƙi kar a buɗe ƙofofi kar a kunna fanka, a janye mutane a kira 'yan kwana-kwana. Kuma kullum ta ƙofar tsakiya ake fara jan kaya, ja ta gefe na lanƙwasa bango.

Ɓeraye sun dame mu.

Ban da ɓarnar buhu, akwai zazzaɓin Lassa da wani nau'in ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin da sito ke cike. A toshe ramuka da siminti, a sa raga a taga, ƙasan ƙofa a buga masa ƙarfe, a nome ciyawar da ke kewaye, a share hatsin da ya zube a ranar. Tarko ya fi shinkafar ɓera a cikin sito, in za a sa guba a sa ta a akwati a waje inda yara da kaji ba zasu kai ba. Mataccen ɓera ba a ɗauka da hannu.

Ƙyallen da muke ɗaurawa a hanci ya isa?

Yana tare manyan ƙaiƙayi ne kawai. Ƙurar da ke shiga huhu da ƙwayoyin fumfuna sai takunkumi irin N95 da ya kama fuska sosai, kuma a canza shi in ya toshe. Wanda ya share ruɓaɓɓen hatsi da rana dare ya yi ya kama zazzaɓi da tari da ciwon jiki, ya gaya ma likita aikin da ya yi kar a tsaya kan maleriya kawai. Shi kuma N95 ɗin baya tare fosfin ko kaɗan, wannan sai abin rufe fuska na musamman mai gwangwanin da aka yi don shi.